Kofin da Aka Cika wa Sekuba

Maral ce ke zuba shayi ranar da saurayinta Sekuba ya zo gaishe da iyayenta yana dogara sanduna. A ƙasar Kazakistan rabin kofi ake zuba wa baƙon da ake so, don ya daɗe ana ƙara masa. Cikakken kofi kuwa sallama ce. Mahaifinta, Tolegen, ya dube ta ya ce, "Cika masa."

"Baba, don Allah..."

"Na ce ki cika masa."

Ta cika shi fal. Sekuba, bawan Allah, ya karɓa da hannu biyu yana murmushi, ya shanye tas, har ya yi godiya cewa yau an ɗauke shi ɗan gida. Maral ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Sekuba ɗan ƙasar Gini ne, ɗan wasan gaba a ƙwallon ƙafa. Dillali ya yi masa alkawarin Turai, ya sauke shi a garin su Maral, ya ce ai kulob ɗin nan ma gasar Turai yake bugawa. Bara da ya zura ƙwallo goma sha huɗu, Tolegen ne ke yawo kasuwa yana cewa surukinsa ne, alhali ko tambayar aure ba a yi ba. Da jijiyar gwiwar Sekuba ta tsinke, kulob ya ƙi sabunta kwantiragi, sai tsohon ya tuna ba a san asalin yaron ba. Haka mutane suke, inda maiƙo yake nan ƙuda ke sauka.

A bakin ƙofa Maral ta faɗa wa Sekuba ma'anar kofin.

"Ashe kora na sha har ina lashe baki," ya ce. "Maral, ki biyo ni birnin Almati. Liman zai ɗaura mana."

"Ba tare da albarkar Baba ba? Ba zan iya ba. Amma wallahi ba zan auri kowa ba."

Ya tafi shi kaɗai. Gwaji uku ya je a wasu kulob-kulob, sau uku gwiwa ta ba shi kunya, ƙarshe ya koma dakon buhunan albasa a kasuwa. Uwarsa na bugo waya daga garinsu Kankan tana tambayar yaushe za ta gan shi a talabijin, shi kuma yana ce mata an kusa. Maral ta kori manema biyar. Mahaifiyarta ta yi kuka, ta yi zagi, ta ce za ta tsufa a gida saboda gurgu. Ita dai ta rame, ta daina dariya.

Sai a shekara ta huɗu, da ciwo ya kwantar da Tolegen, ya sa aka kira Sekuba. Tsohon ya buɗe tafukansa da ƙyar ya sa wa Sekuba da Maral albarka, ya ce, "Ƙafarka na so, ɗana, ban dubi mutumin ba. Ka yafe mini."

Kwana tara ya ƙara a duniya. Sekuba na cikin waɗanda suka ɗauki makara, yana ɗingishi, ya ƙi yarda kowa ya karɓe shi har bakin kabari.

An ɗaura auren bayan arba'in, ba kiɗa ba taro. Mai haƙuri yakan dafa dutse, gaskiya ne, kuma Maral ta sha romonsa. Sai dai iyaye su sani, shekarun da kwaɗayinsu ya cinye wa 'ya'ya, neman gafara ba ya dawo da ko kwana ɗaya daga ciki.