Hasashen Kombo a Cikin Farin Hankici

Ranar da Zuwena ta fara ganin Kombo, musu ta tarar ana tafkawa da shi.

Alewar gyaɗa ta kawo wa mahaifinta, dattijo Mzee Mwinjuma, a gindin mangwaron unguwar Ngamiani da ke garin Tanga na Tanzaniya, inda ya shekara ashirin yana sayar da gahawa. Saura wata biyu a fara gasar cin kofin Afirka, don haka bencinan uku duk sun cika. A jikin bishiyar akwai allon da tsohon ke jera ƙasashe da alli, kuma a can sama, kamar kowace gasa, ya rubuta Tanzaniya.

Kombo, wani dogon saurayi mai ƙurar alli a hannun riga, ya ce, "Mzee, a gafarce ni. Maroko fa? Senegal fa?"

"Suna ƙasa, inda Allah ya ajiye su."

"Ni dai a ganina, in muka fita daga rukuni, mu yanka akuya."

Wuri ya kaure. Sudi mai shagon kayan babur, wanda ya daɗe yana zarya saboda Zuwena, shi ya fi kowa ɗaga murya. "Wannan malamin lissafin ba shi da kishin ƙasa! Mzee, kofin nan a Tanga zai kwana!"

Zuwena ta ajiye faranti, ta ce ƙasa-ƙasa, "Akuya ta yi kaɗan. Da wannan mai tsaron bayan namu na hagu, sa ya kamata."

Kombo kaɗai ya ji. Ya juyo ya dube ta, gahawa na zuba masa a wando bai ma sani ba.

Sau uku yana kai wandon nan shagon ɗinkinta wai a rage masa ƙafa, sai da ya kusa komawa gajere kafin ta tausaya ta ba shi lambarta. Daga nan saƙonnin waya suka fara, shi yana ce mata Kyaftin, ita tana ce masa Malam Maki.

"Kyaftin, barka da yamma. Yau na auna ƙasashe ashirin da huɗu, kowa na ba shi makinsa. Ke kaɗai na rasa ma'aunin da zai ɗauke ki."

"Malam Maki, daɗin baki ba ya cin kofi. Ka ci abinci kuwa? Kuma ka cika ba Masar maki don tsohon tarihi."

"Na ci, Kyaftin. Zan rubuto miki cikakken hasashena ki gyara mini."

Mahaifiyarta, Bi Saumu, ba ta tsaya jiran labari ba. Uwa ba ta auna saurayi da saƙon waya. Ta bincika a makarantar da yake koyarwa, ta bincika a masallacin layinsu, ta ji cewa shi ke kai tsohuwarsa asibiti duk Talata a kan kekensa. Sannan ta ce da 'yarta, "In da gaske yake, ya aiko da hankici."

Haka ake yi a Tanga. Mai neman aure ya rubuta wasiƙa, ya naɗe ta a farin hankici, dattijo daga danginsa ya kai wa uban yarinya, a buɗe a gaban manya.

Ranar Alhamis Kombo ya yagi takardu biyu daga littafi ɗaya. Ɗaya wasiƙar Mzee, ɗaya hasashen da ya yi wa Zuwena alkawari. Ya ninke su iri ɗaya. Ya naɗe guda a hankici ya ba kawunsa Jumbe, ya ajiye wa Zuwena tata a kan keken ɗinki, ya wuce makaranta yana fito.

Aiki ya yi mata yawa, sai bayan la'asar ta buɗe. Ta ga an rubuta: "Zuwa ga Mzee Mwinjuma. Bayan gaisuwa da girmamawa, ni Kombo ɗan Shauri ina neman iri a gidanka."

Ta gane an yi musayar takardu, ta fita da gudu. Ko ƙofar shago ba ta ja ba.

Ta iso gida ta tarar aikin gama ya gama. Babanta na zaune tsakanin ƙannensa biyu, hankici a buɗe a cinyarsa, yana karantawa da ƙarfi: "Ta ɗaya, Maroko. Ta biyu, Senegal." Yatsansa ya yi ta gangarawa. "Ta goma sha tara, Tanzaniya. Bayanmu na hagu ƙofa ce da ba sakata."

Kawu Jumbe sai share gumi yake da hularsa.

"Jumbe, neman aure ka zo ko neman faɗa?"

"Wallahi Mzee, ni naɗe aka ba ni."

"To ka koma ka gaya masa, ba ni da 'yar da zan ba mai ajiye ƙasarsa a ta sha tara."

Zuwena ta durƙusa a bakin ƙofa ta miƙa takardar. "Baba, kuskure ne. Ga ta gaskiyar nan."

Ko kallon takardar bai yi ba. "Wasiƙar da ta zo tsirara, a hannun yarinyar da ake nema, ba wasiƙa ba ce."

Kafin gari ya waye biyu labari ya zagaye Ngamiani. Sudi ya kawo wa Mzee sabuwar rigar 'yan wasan ƙasa, ya ce nasa hankicin na nan tafe, kuma shi ba ya rubuta shirme.

"Kyaftin, na ɓata komai. Yau a aji na ce bakwai sau takwas hamsin ne, yara suka gyara mini."

"Malam Maki, kuka ba ya ɗinke ɓaraka. Gobe bayan la'asar ka zo gindin mangwaro. Abu ɗaya na roƙe ka: kada ka yi masa ƙarya, ko da zai kore ka."

Da safe, Bi Saumu na zuba wa mijinta shayi ta ce, "Baban Zuwena, wa na ji shekaranjiya yana yi wa rediyo faɗa a kan wannan bayan na hagu?"

"Wannan maganar cikin gida ce."

"To ita ma 'yar a cikin gida za ta zauna. Ni mijin da zai gaya mata gaskiya ranar da tukunya ba komai nake nema mata."

Ya juya cokali, ya ɗauki shayinsa ya kurɓa.

Da yamma bencina suka cika har da masu tsayuwa. Zuwena ta kawo alewa, ta ƙi tafiya. Kombo ya gaida kowa ya durƙusa. Mzee ya goge saman allon da tafin hannu, ya miƙa masa alli.

"Ga shi. Rubuta Tanzaniya a sama da hannunka, ka ce mu za mu ɗau kofi, magana ta ƙare."

Kombo ya karɓi allin. Zuwena ta ƙanƙame faranti har yatsunta suka yi zafi.

"Baba," in ji shi, "ranar wasa babu wanda zai fi ni ihu a bencin nan. Amma in na rubuta abin da ban yarda da shi ba don ka ba ni 'yarka, gobe me zai hana in ce mata akwai alhali babu? Ka yi haƙuri. Sai dai in nuna maka hanyar da za mu bi mu fita daga rukuni."

Ba wanda ya hana shi, sai ya shiga zane. A yi canjaras a wasan farko, kada a yi zalamar kai hari. A jawo ɗan tsakiya guda ya riƙa toshe hagu. Wasa na uku shi ne na a-mutu-ko-a-yi-rai. Maki huɗu sun isa.

Mzee ya matso har hancinsa na shirin taɓa allon. Can ya juya. "Sudi, kai da za ka kwana da kofi a Tanga, wa ke tsare mana hagu?"

Sudi ya sosa ƙeya. "Ai Mzee, duk 'yan ƙasa ne."

Dariya ta tashi har mai sayar da rake na tsallaken titi ya taya su. Mzee bai yi dariya ba. Ya karɓe allinsa ya ce kowa ya shanye, zai wanke kofuna.

Kwana uku shiru. Zuwena ta ɗinka wa wata mata hannun riga a baibai har sau biyu. A rana ta huɗu aka kira Kawu Jumbe, aka ba shi hankicin nan a naɗe.

Kombo ya buɗe a shagonta, ita ta karanta don shi ya kasa. Hasashensa ne, an bi shi da jan biro. An soke sha tara an rubuta sha biyu, a gefe kuma: "Ka raina golanmu." A can ƙasa aka ce:

"Maganar hagu gaskiya ce, amma kada ka faɗa a benci cewa ni na ce. Ɗayar takardar na karanta ta tun ran nan, uwar Zuwena ta sa mini ita a ƙarƙashin kofi. Na ba ka Zuwena. Sharaɗina ɗaya: kada a sa biki ranar wasa."

"Kyaftin," in ji Kombo, "mun fita daga rukuni."

"To akuya ko sa?"

"Kin manta albashin malami?"

Akuya biyu aka yanka. An ɗaura aure ranar Juma'a, saura kwana biyu a busa usur ɗin wasan farko. Aka dafa shinkafa mai kayan ƙamshi a manyan tukwane, Sudi ma ya zo ya ci faranti biyu ya yi musu fatan alheri. Bi Saumu ta kama hannun ango ta ce, "Ɗana, hasashenka na iya cin tura, wannan ba komai. Gaskiyar nan dai ka riƙe mata ita."

Masu wucewa ta gindin mangwaro ran nan sai da suka tsaya kallo. Karon farko cikin shekara ashirin, Tanzaniya ta sauko ta biyu a allon Mzee Mwinjuma. A samanta, da rubutunsa mai karkata, ya sa: Zuwena da Kombo.

Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, ya tsare musu gidansu dama da hagu.