Sauran Kilo Uku

Ranar da ya fara shiga ofishinta, sikeli ne ya gabatar da shi. Ya cire takalmi, ya cire agogo, har makullin shago ya ajiye a kan tebur, kamar makullin ne ya cinye masa shinkafar. Allura ta tsaya a kilo casa'in da shida.

"Sikelinku ya lalace," ya ce. "Na gidana mai haɗe da waya casa'in da huɗu ya nuna."

"To koma wayar ta tsara maka abinci. Akwai mutane a layi."

Ita ce mai tsara wa marasa lafiya abinci a ƙaramin asibitin unguwar, kuma mutum biyu ne ba ta iya haƙuri da su: mai ɓoye abin da ya ci, da mai nuna mata waya ya ce ga abin da ta faɗa. Shi kuwa mai gyaran waya ne, ya haɗa halin nan duka biyu.

"Me ya sa kake son ragewa? Sukari ne ko hawan jini?"

"Soja zan shiga, ɓangaren sadarwa. Nan da wata huɗu za a auna mu, kuma da tsawona ba a yarda in wuce tamanin da biyar ba. Bana ce damata ta ƙarshe, baɗi shekaruna sun wuce."

Bironta ya tsaya. Ta dube shi sama da ƙasa.

"Wato in rage maka tumbi don ka ji daɗin bin 'ya'yan mutane da gudu."

"Malama, takardar abinci na zo karɓa, ba wa'azi ba."

Ta rubuta masa takardar, don aiki aiki ne. A gefen katinsa ta sa Janar Tumbi, ya kuma gani. Kafin ya bar harabar asibitin ya adana lambarta da sunan Uwar Yunwa.

Kwana uku saƙonsa ya shigo: "Uwar Yunwa, agogona ya ce na yi taku dubu goma sha biyu. Na cancanci burodi?"

Ta mayar masa: "Janar, agogonka bai ga abin da ka ci a bayan shago ba. Ni na gani a fuskarka. Kabeji."

Duk Talata sai ya zo awo, duk Talata sai sun yi faɗa. Shi ya ce nan gaba kaɗan na'ura za ta kore ta daga kujerar nan. Ita ta ce na'ura ta mayar da mutane sakarkaru, mutum ba ya sanin ya ƙoshi sai waya ta gaya masa. Daga nan sai magana ta zame kan soja, nan kuwa babu wasa.

"Gwamnatin da ke aika bindiga wurin mutanenta ta kasa ne," ta ce wata Talata. "Yayana shagonsa ya je rufewa ranar da 'yan kasuwa suka fito kan rushe musu rumfuna. Ko kwalin zanga-zanga bai ɗaga ba. Aka turo sojoji, harsashi ya same shi da kwaɗo a hannu."

Ya sauko daga kan sikelin, ya ce:

"Ranar da 'yan bindiga suka shiga garinmu, ina nan, uwata tana can. Awa huɗu ina kira. Sansanin soja bai fi tafiyar minti ashirin ba, amma rediyon sadarwarsu ya yi sati a mace, ba mai gyara. Ke sun zo an kashe miki. Ni ba su zo ba aka kashe min."

Babu wanda ya ba wani haƙuri. Amma ran nan ita ta miƙa masa takalminsa da hannunta.

Ba wanda zai iya cewa ga ranar da abin ya zama so. Ita dai ta wayi gari tana jin haushin Litinin don ba Talata ba ce. Shi kuma ya gyara mata wayarta da ta shekara da fasasshen gilashi, ta yi masa tsiya a kan haka har kwana biyu. A wata na biyu ya saukar da kilo takwas, ya kuma je gaida mahaifinta.

Tsohon bai ba shi wurin zama ba.

"Kai ne mai son kaki?"

"Ni ne, Baba."

"Kada ka ce min Baba. Wanda ke ce min Baba masu kaki sun binne min shi." Ya juya ga 'yarsa. "Auta, ga mai kemis can, shekara biyu yana zarya, bai taɓa riƙe abin da ya fi allura kaifi ba. Muddin ina numfashi, kaki ba zai tsallake ƙofar nan ba."

Ta kwana biyu tana juya maganar. Sauran kilo uku. In ya sauke su, ya tafi inda ta fi tsana, mahaifinta kuma ya rufe ƙofa. In bai sauke ba, shekarunsa sun wuce, ya zauna a shagonsa, kowa ya huta. Kuma biron yana hannunta.

Talatar da ta biyo ta ba shi sabuwar takarda: burodi yanka huɗu da safe, madara, gyaɗa cikin tafin hannu sau biyu a rana. Ta ce jiki na bukatar ƙarfi saboda gudu. Ya karɓa yana murna kamar an sallame shi daga kurkuku.

Sati uku allura ta kafe a tamanin da takwas. Ya ƙara gudu har ƙafarsa ta kumbura. Yana ɗingishi yana ce mata, "Laifina ne, ƙila ban yi yadda kika ce ba." Duk lokacin da ya faɗi haka sai ta ji kamar ta nutse, amma ba ta janye takardar ba.

An ce rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Wata Alhamis, ba ranar awo ba, ya shigo ba sallama ya ajiye wayarsa a gabanta.

"Na zuba takardarki a cikin na'urar da kike zagi. Ta ce wannan abincin mai son ya tsaya inda yake ne. Na ce ƙarya take, na sake sau uku. Gaya min ƙarya take."

"Ba ƙarya take ba."

"Mai kemis ɗin ne? Ko raini ne, kin samu wawa mai tumbi?"

"Ba na so a kawo min gawarka a mota kamar yadda aka kawo Yaya. Kuma ba na so wata ta tsane ka kamar yadda na tsani wanda ya harbe shi." Hawaye ya zubo mata, ta bar shi. "Ina sonka, shi ne laifin."

"Kina zagin gwamnati don tana yanke wa mutane hukunci ba ta tambaye su ba. Ke me kika yi?"

Ya ɗauki wayarsa ya fita. Talata ta zo, kujerar da yake zama ta wuni babu kowa.

Rana ta takwas ta rubuta masa: "Janar, saura kwana ashirin da bakwai. Ga takarda ta gaskiya, zuba ta a na'urarka ka gani. Har yanzu ban yarda da inda za ka ba. Amma ba ni da ikon tare maka hanya da gyaɗa. Ka yafe min."

Sai washegari ya amsa: "Na zuba. Karon farko kun yi baki ɗaya ke da ita. Ban huce ba tukuna, Uwar Yunwa. Talata ƙarfe tara."

Ranar awon soja allura ta tsaya a tamanin da huɗu da ɗigo takwas. Ya turo mata hoton ba tare da kalma ko ɗaya ba. Ta yi murna, ta yi kuka, ta rasa wanne ne ya fi yawa, sannan ta wanke fuska ta sami mahaifinta.

"Baba, na yi ƙoƙarin hana shi ta hanyar da ba ta dace ba, ya kama ni, bai kuma tona min asiri ba. Rediyo zai je gyarawa don kada uwar wani ta mutu ana kira. Ba na son aikin, amma ina son mutumin. In ka ce a'a ba zan saɓa maka ba, sai dai mai kemis ya daina ɓata takalminsa."

Sai bayan wata uku tsohon ya waiwayi maganar. Da ya buɗe baki, sharaɗi ɗaya ya kafa: mutumin ya shigo, kakin ya tsaya a waje.

Bayan horo aka ba shi hutun kwana biyar, aka ɗaura aure. Ranar komawa ya zo sallama da surukinsa cikin kayan gida, amarya na biye da shi. Jakar kakinsa ya rataye a ƙusar da ke wajen ƙofa, don a mararraba zai canza kafin motarsu ta iso.

Suna durƙushe a falo aka kece da ruwa. Ango ya ji, bai motsa ba. Amarya ta dubi ƙasa. Tsohon ya yi ta sauraron ruwan a kan kwano, can ya miƙe da sandarsa ya fita. Da ya dawo kafaɗarsa a jiƙe take, jakar na hannunsa. Ya ajiye ta a kan kujerar da marigayi ɗansa ke zama.

"Har gobe ba na son abin da ke cikinta," ya ce. "Amma ɗana ba zai yi tafiya da jiƙaƙƙun kaya ba."

Ya ɗora hannu a kan surukin nasa.

"Allah ya yi muku albarka. Allah ya sa kada hannunka ya sa wani uba kuka. Ka je ka gyara rediyonka, ka dawo mata da ƙafarka."

"Amin, Baba," ya ce, kuma wannan karon tsohon bai hana shi ba.