Haruffa Huɗu a Bangon Littafi

"Mungo! Ka kashe mu!"

Effie ta dafe ƙirji tana kallon littafin da ke kan teburin shagonsa. Bangon jar fatar maraƙi ne sabo fil, amma haruffan zinaren da ke kansa ba na mahaifinta ba ne. M.R. da E.G. aka buga, wato Mungo Rait da Euphame Guthrie, cikakken sunan ita Effie.

"Na rantse ban lura ba, abar ƙaunata... ke nake tunani, hannuna ya ɗauko ƙarfen buga haruffan da kansa."

"To hannun naka ya je ya yi wa Baba bayani!"

A Montrose ko yaro ya san haruffan namiji da na mace ba sa haɗuwa a saman ƙofa ko a bangon littafi, sai an ɗaura musu aure a coci. Ga shi mai littafin Ninian Guthrie ne, mahaifin Effie, magajin garinmu, attajirin da ke tura kifi mai gishiri zuwa ƙasar Holan, jirginsa ya dawo da ganguna cike da takardun littattafai, Mungo ya ɗinka musu bango. Kowanne haruffansa da na marigayiyar matarsa ake bugawa. Kuma sau biyu yana korar Mungo daga maganar Effie, wai ba zai haɗa zuri'a da mai warin danƙon haɗa littafi ba.

Ba su ankara ba sai ga Gawin a bakin ƙofa, ɗan wani ɗan majalisar gari, wanda ya daɗe yana neman Effie tana yi masa kunnen uwar shegu. Ya leƙa bangon, ya washe baki.

"Bari in rage muku hanya," in ji shi, ya suri littafin ya fice.

Suka bi shi da gudu.

Ranar ce kuwa Ninian ya tara 'yan majalisa cin abincin rana, don zaɓe ya matso. Gawin ya dire littafin tsakanin farantan kifi.

"Ranka ya daɗe, dubi cin mutuncin da aka yi maka!"

Ninian ya janye shi daga kusa da romo tukuna, sannan ya duba. Fuskarsa ta haɗe.

"Euphame, da saninki?"

"A'a Baba..." in ji Effie. "Amma ba ƙarya ya rubuta ba. Ina son sa. Shi kaɗai!"



"A ɓare bangon kawai," in ji Gawin. "Ko a jefa shi a murhu kowa ya huta. Takarda ce fa."

Kaico Gawin! Da ma zagin magajin gari ya yi, da ya fi masa sauƙi.

"Murhu?" Ninian ya miƙe a hankali. "Littafin da na jira tun bara? Wanda ya tsallake teku bai jiƙe ba? Ashe ranar da na mutu da littattafaina za ka dafa kunu!"

'Yan majalisa suka fashe da dariya, har da uban Gawin.

Ninian ya shafa haruffan da yatsa. Matarsa ya tuna, kowa ya gani a idonsa.

"Ba na ɓare littafi," ya ce. "Kuma ba na ajiye littafi mai ƙarya a ɗakina. Kai mai danƙo, je ka faɗa wa limamin coci ya fara shelar aurenku ranar Lahadi."

Effie ta rungume shi tana kuka tana dariya.

Ranar biki Mungo ya matso a ladabce. "Baba, littafin nan fa, tunda sunanmu ne a kai..."

Ninian ya ƙanƙame shi a hammata.

"Ɗiya na ba ka, yaro. Ban ba ka littafi ba. In kuna son karantawa ku zo gida, ku wanke hannu."