Waƙar Kaboyi a Gonar Badar

Duk Bahaushen da ke Madina, babu wanda ya riga Tsoho Issoufou ganin kaboyi masu waƙa a fim. Haka yake faɗa kullum a ƙofar gidansa da ke Khalidiyya, kuma ba ya son gardama. Bai taɓa shiga aji ba, amma da ƙafarsa ya tako daga Damagaram har bakin teku. Abokan tafiya huɗu ya binne a hanya, shi ya iso.

A Bur Sudan ya ga kaboyin, lokacin yana sharar wani silima kafin ya samu jirgin ruwa. Maza huɗu da faffaɗan huluna, sun zagaye wuta, ɗaya riƙe da jita. Mai juya na'urar fim ɗin ya ba shi tarihinsu: a rediyo suka fara lokacin da ƙasarsu ke cikin yunwa, masu fim suka ɗauko su suna waƙa a bayan jarumi, daga baya talabijin ta zo aka manta da su. Issoufou bai ji kalma ko ɗaya ba, amma ya haddace sautin, har wurin da maƙogwaro ke karyewa murya ta haura sama.

Yau labarin bai yi masa daɗin bayarwa ba, don jikarsa Hibatullah na gefensa idanu jajir. Mu'azzam take so, ɗan garin Tawa mai kiwon awaki a wata gonar dabino a Badar. Mahaifinta Abdulmajid ya ce sam, 'yarsa mai takardar ƙasa ba za ta auri makiyayi baƙo mai zaman iƙama ba.

"Ya jaddi... ka yi masa magana. Ni ba na son kowa sai shi, halas, magana ta ƙare."

Tsoho bai yi wa ɗansa faɗa ba. Cewa kawai ya yi yana marmarin ɗanyen dabino, a kai shi Badar. Abdulmajid ya gane dabara ce, amma ya ɗauki mabuɗin mota.

Sun isa bayan la'asar. Mu'azzam ya durƙusa ya gaishe su, ya nemi izinin tattaro awakinsa. Ya kare baki da tafin hannu ya yi kira, muryar ta karye ta haura sama. Issoufou ya dogara sanda ya miƙe, ya amsa masa da waƙar kaboyinsa. Rabin awakin suka juyo wajen tsoho, tsoho ya dubi saurayin ya ce masa ai har yanzu yaro ne a sana'ar.

Abdulmajid kuwa ya tsaya cak. Wannan sautin ne mahaifiyarsa Tasallah take rerawa ƙasa-ƙasa in tana tuƙa tuwo, har ta koma ga Allah.

"Baba... a ina Umma ta samo wannan?"

"A wajena mana. Da na bar silima kiwon awakin wani Balarabe na koma, da waƙar nake kiransu. Uwarka na wucewa da tulu ta tsaya. Ubanta ya ce ba zai ba makiyayi mara takarda 'yarsa ba. Shekara biyu ta jira ni... kai ne abin da ya fito."

Ya goge ido da gefen rawani. Sannan ya ce a fim jarumi ke tafiya da yarinyar, a bar mawaƙa da shanu, kuma shi tun yana saurayi bai taɓa yarda da wannan ƙarshen ba.

Abdulmajid ya daɗe yana kallon awakin. Da ya juyo, sai ya tambayi Mu'azzam, a hankali, wa yake da shi a Madina da zai zo ya nema masa auren.

Wata takwas aka yi ana bin takardar izinin aure. Ranar da aka ɗaura, Hibatullah ta sumbaci kan kakanta tana kuka, shi kuwa ya cika majalisa da cewa bai san alif ba, amma da waƙa ɗaya ya haɗa aure biyu. Mai shakka ya kai shi Badar zai tsaya tsakiyar garke ya rera: in awaki ba su juyo ba, ya karɓe sandarsa.