Beryl Ta Farka

A kasuwar manoma ta garin Uraidla, Tamsin Kuchel ta fara ganin Fergus. Ya miƙo mata farar giyar inabin da yake yi, ta ɗaga kofin tana yatsina fuska.

"Wannan ai ruwan wankin shinkafa ne."

"Ba na tacewa, ba na zuba magani," in ji shi. "Kurɓa tukuna, ki zage ni daga baya."

Ta kurɓa. Ina zagi? Lambar wayarta ma ta ba shi.

Soyayya ta yi nisa, amma mahaifinta Malcolm, tsohon manomin inabi, ya kafe.

"Wanda ya bar giyarsa ta yi abin da ta ga dama, haka zai bar gidansa."

Da kyar da magiya ya yarda Fergus ya zo cin abincin ranar Lahadi. Tamsin ta kasa zama, ta leƙa taga, ta dawo, ta sake leƙawa. Naman rago ya huce. Sai ga saƙo:

"Tam ɗita, yi haƙuri. Beryl ta farka, ba zan iya barinta ba. Ina sonki."

Wace ce kuma Beryl? Kishi ya turnuƙe ta, ta fizgi makullin mota, uban ya faɗo ciki yana huci.

A rumfar Fergus suka same shi durƙushe, kunnensa manne da wata tsohuwar gangar giya.

"Ina take?" in ji Tamsin.

"Ga ta. Tun lokacin kaka giyar cikinta ta daina tsima, kullum ina lulluɓa mata bargo. Yau ta motsa! Saurara, masoyiya."

"Ganga? Fergus, ganga ce ta sa ni kuka?"

Malcolm ya ture shi ya kara nasa kunnen. Ya daɗe a sunkuye.

"Kullum kake zuwa?"

"Safe da yamma, Baba."

"Hmm. Ashe ba sakaci ba ne."

Da bazara aka ɗaura auren a tsakiyar gonar Malcolm. Sharaɗin amarya ɗaya ne: kada wata ganga ta ƙara samun sunan mace.

Tsohon ya riƙo hannuwansu, idonsa ya ciko.

"Ka kula min da ita, ɗana. Allah ya zaunar da ku lafiya."