Kakanmu da Kabewarsa

A can wani zamani, an yi wani mai jirgin fito wanda bai taɓa yarda ya yi kuskure ba. Ba na jin daɗin faɗa, amma kakanmu ne.

Wata rana ya ɗauko fasinjoji da kabewar gonarsa zuwa kasuwa. A tsakiyar tafki gorar tuƙi ta suɓuce masa ta tafi. Kadoji sun kewaye su, ba mai iya sa hannu a ruwa.

Ya ce, "Kowa ya tura goshin jirgi." Daga ciki suka tura har gumi ya karyo musu. Jirgi bai gusa ba.

Ya ce, "To, kowa ya ruga gaba." Suka ruga gaba, jirgi ya ja baya. Suka tsaya, ya tsaya.

Wata tsohuwa ta fusata ta ce, "Kai yaro, ka kashe mu." Ta sunkuci kabewa ta jefe shi. Ya sunkuya, kabewa ta faɗa bayan jirgi, jirgi ya gusa gaba.

Kakanmu ya dubi kabewarsa, ya dubi kadoji. Ya ce, "Dama abin da nake shirin yi ke nan, Inna." Ya jefa baya, jirgi ya yi gaba. Ya jefa baya, jirgi ya yi gaba, har suka kai gaci, ba kabewa ko ɗaya.

Mu jikokinsa har yau ba ma shiga jirgi sai da kabewa. Gora ta biyu kuwa, ba wanda ya taɓa tunanin saya.