Yarinyar da Ta Ce Babanta Ya Rasu

Akwai wata yarinya 'yar aji huɗu a Ƙanƙara. Da auren iyayenta ya mutu, sai ta koma gidan kakarta tare da Ummanta. Babanta, Malam Sha'ibu, manomi ne a Daudawa.

Alƙali ya ce ta zauna wurin uwa, amma kada a hana uba ganinta. Sai dai duk ranar da ya zo, Umma takan tura ta ɗaki.

"Ku ce mashi ba ta nan," in ji Umma. "Ke kuma ki ɗauka ba ki da uba. Bai damu da ke ba."

Yarinyar ta gaji da wannan magana. Ta gaji kuma da 'yan ajinsu masu tambaya, "Wai ina babanki?"

Rannan ta fusata ta ce, "Ya rasu!"

Malamarsu, Malama Shafa'atu, ta ji. Ta dafa kanta ta yi mata ta'aziyya. Yarinyar ba ta gyara maganar ba.

Shi ma Malam Sha'ibu ya gaji da jin "ba ta nan". Sai ya hau babur ya nufi makarantar. Mai gadi ya kira Malama Shafa'atu.

"Malam, wa kake nema?"

Ya faɗi sunan yarinyar, ya ce, "Ɗiyata ce."

"Mahaifinta ya rasu. Kai wane ne?"

"Na rasu? Ni da nike tsaye gabanki?"

A lokacin kuwa ana fama da masu satar mutane. Nan da nan jama'a suka taru. Wani ya zare makullin babur. Wani ya ci kwalar rigarsa.

Jama'a suna cewa, "Ɗan leƙen asirin ɓarayin daji ne!"

Aka kira yarinyar. Ta ga babanta, hula a ƙasa, riga a yage. Wani saurayi ya ɗaga sanda.

"Ku sake shi!" Yarinyar ta fashe da kuka. "Babana ne! Ƙarya na yi!"

Malama Shafa'atu ta riƙe baki. "Haba! Mi ya kai ki? Da an kashe bawan Allah fa? Da wane ido zan dube shi?"

Aka ba Malam Sha'ibu haƙuri, aka aika aka kira Umma ta zo. Yana ganinta ya ce, "Suwaibatu, kullum ina kan hanya, kullum a ce ɗiyata ba ta nan. Yau kuma an ce na mutu!"

Yarinyar ta ce, "Umma, ke kika ce in ɗauka ba ni da uba."

Umma ta sunkuyar da kai. "Da kai nike fushi, Malam. Ban san abin zai kai haka ba."

Malama ta ce, "Aure ne ya mutu, Maman yarinya. Uba yana nan."

Yarinyar ta durƙusa. "Baba, ka yafe mani."

Ya ɗaga ta, ya share mata hawaye. "Na yafe, uwata. Amma kada ki sake kashe ni ina raye."

Kowa ya yi dariya, har Umma.

Tun daga nan Baba yana zuwa kowace Asabar. In an yi hutu, ita ce a Daudawa tana taya shi ɓarar masara.

Yara, ƙarya tana jawo bala'i. Kuma ko iyaye sun rabu, uwa uwa ce, uba uba ne. Kada ku ƙi ɗaya don ɗaya.